Aiken Ganin-Dama a Wasannin Labari na Kwamfuta: Gyara Yake Yi ko Ɓarna?



Gabatarwa

Batun da aka taru dominsa a yau yana iya zama baƙo a zauren da aka saba jin laccoci a kan waƙa da nahawu da tarihin sarauta. To amma duk mai nazarin adabi ya san labari ba ya zaɓen masauki. Ya zauna a bakin tsohuwa da dare, ya shiga takarda, ya shiga rediyo da majigi da talabijin, yanzu kuma ga shi a cikin na'urar wasa. Akwai wani nau'i na wasannin kwamfuta wanda mai wasa ke shiga rigar tauraron labari, ya yi tafiya da ƙafarsa, ya yi magana da bakinsa, ya kuma yanke shawara a duk inda hanya ta rabu biyu. A wannan lacca za a kira su wasannin shiga-riga.

Kowane irin wannan wasa yana da babban aike, watau buƙatar da ta fitar da tauraro daga gida, wadda idan ya biya ta labari ya ƙare. A gefen babban aiken kuma akan jera wasu ƙananan aike-aike waɗanda mai wasa yana iya yi, yana iya bari, kuma barinsu ba ya hana shi kaiwa ƙarshe. Su ne za a kira aiken ganin-dama. Masu nazarin adabin Hausa suna da kalmar da ta yi kusa da wannan, watau ratse, inda marubuci ko mawaƙi kan saki jigonsa na ɗan lokaci ya shiga wani zance, sa'an nan ya komo. Tambayar ita ce: shin wannan ratse yana ƙara wa wasan daraja ne, ko kuwa rage masa yake yi? Tambayar tana da nauyi, domin wasa guda na irin wannan yana iya cin sa'a hamsin ko ɗari na rayuwar mutum, bayan kuɗin da ya biya, kuma kaso mai yawa na waɗannan sa'o'i a aiken ganin-dama suke tafiya.

Asalin Al'amarin

Tushen waɗannan wasanni ya girmi na'urorin da ake yin su a kai a yau. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, wanda ake yi a kan tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa masu lambobi. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, sauran kuma kowa ya shiga rigar jarumi guda. Abin lura a nan shi ne mai riƙe da labarin mutum ne mai rai. Idan abokan wasa suka ƙi bin hanyar da ya tsara, suka ce su kasuwar garin za su shiga, nan take zai ƙirƙiro musu kasuwar da mutanenta da rigingimunta, in ya ga sun yi nisa kuma ya san dabarar da zai jawo su. Ke nan ratse a kan tebur yana da makiyayi.

Da wasan ya koma cikin kwamfuta, sai makiyayin ya ɓace. Ultima da Wizardry sun fito a Amurka a 1981, Dragon Quest a Japan a 1986, Final Fantasy kuma a 1987. Na'ura ba ta iya ƙirƙiro kasuwa nan take, saboda haka dole masu tsara wasa su rubuta kowane ratse tun kafin a sayar da wasan, su ajiye shi a gefen hanya, ba tare da sanin lokacin da mai wasa zai ɗauke shi ba, ko ma zai ɗauka. Daga wannan rashin sani ne dukkan alheri da dukkan matsalar aiken ganin-dama suka taso.

Hujjojin Masu Suka

Suka ta farko tsohuwa ce ƙwarai. Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotil, masanin nan na ƙasar Girka, ya nuna a littafinsa na nazarin waƙa da wasan kwaikwayo cewa mafi raunin zubi shi ne wanda aukuwa ke bin aukuwa ba tare da ɗaya ta haifi ɗaya ba, kuma duk abin da za a cire daga labari ba a ga giɓinsa ba, to ba gaɓar labarin ba ne. Idan aka ɗora aiken ganin-dama a kan wannan ma'auni, ya faɗi tun kafin a fara, domin ma'anarsa ke nan: abin da za a iya cirewa.

Suka ta biyu ta shafi gaggawa. A wasan Final Fantasy VII na 1997, wani ƙaton dutse yana rataye a sararin sama zai faɗo ya hallaka duniya, kowa a cikin labarin yana cikin firgita. Duk da haka mai wasa yana iya tafiya ya yi ta kiwon wasu tsuntsayen hawa masu kama da jimina, yana haɗa su barbara yana kai su tsere, har tsawon sa'o'in da ya ga dama, dutsen kuwa ba zai motsa ba sai ya shirya. A Fallout 4 na 2015, an kashe wa tauraro abokin aure an sace masa jariri, amma wasan yana ta miƙo masa aikin gina matsugunai da kare ƙauyuka. Bakin labari yana cewa a yi sauri, tsarin wasa yana cewa a zauna a huta. Wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya yi rubutu a 2007 a kan irin wannan saɓani tsakanin abin da labari ke faɗa da abin da wasa ke sa mutum ya aikata, kodayake shi a kan wasan BioShock ya gina maganarsa. Illar saɓanin ita ce mai wasa yakan gane barazanar ta baka ce, daga nan kuma tsoro da tausayin da marubuta suka sha wahalar ginawa sai su zube.

Suka ta uku ita ce ciko. Akwai aike-aiken da ba su ɗauke da komai sai ƙidaya: kashe dabba kaza guda goma, kai wasiƙa gari kaza, tsinko ganye kaza. Wasan World of Warcraft na 2004, wanda dubban mutane ke yi tare ta intanet, ya yi suna wajen irin wannan, kuma a can yana da uzuri, tunda manufarsa ita ce mutane su daɗe tare. Amma salon ya tsallaka zuwa wasannin mutum ɗaya. A Dragon Age: Inquisition na 2014, yanki na farko da ake sakin mai wasa a ciki yana cike da ƙananan ayyuka, har da farautar naman rago guda goma, kuma mutane da yawa sun maƙale a nan suna zaton sai sun share shi kafin su wuce, har suka gaji tun labari bai kankama ba. Kamfanin Bethesda kuwa, a wasan Skyrim na 2011, ya sa wata dabara wadda na'ura ke haɗa aike da kanta: ta zaɓi mai aike, ta zaɓi kogo, ta zaɓi abin da za a ɗauko. Aiken ba ya ƙarewa, amma bayan na biyar ko na shida mai wasa yakan gane tuwon jiya ne ake ɗumama masa.

Suka ta huɗu ta fi sauran ɗaci, domin ta shafi ciniki. Tsawon wasa ya zama abin talla, mai saye yana tambayar sa'a nawa zai samu a kan kuɗinsa, ciko kuwa ya fi labari mai kyau arahar ƙerawa. Har ila yau, wani aiken sunansa kawai ganin-dama. A Assassin's Creed Odyssey na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2018, sassan babban labari suna buƙatar tauraro ya kai wani matsayi na ƙarfi, hanyar kaiwa kuwa ita ce yin aike-aiken gefe, a lokaci guda kuma kamfanin ya sayar da wata dama, da kuɗi na gaske, mai hanzarta samun ƙarfin. 'Yan jarida da masu wasa sun yi ta suka a kan haka. Duk inda aka sayar wa mutum hanyar tsallake wani sashe na abin da ya riga ya saya, akwai alamar masu sayarwa da kansu sun san sashen nauyi ne.

Hujjojin Masu Yabo

Masu yabo sukan fara da cewa ma'aunin Aristotil na wasan dandali ne, wanda mai kallo ke zaune a ƙare cikin 'yan sa'o'i, kuma adabin duniya cike yake da manyan ayyuka da suka saɓa masa. Ba sai an je nesa ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, labarin babban aike ne: Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Amma a tambayi duk wanda ya karanta littafin a makaranta abin da ya fi tunawa, da wuya ya ambaci ɗebo ruwan. Abin da zai ambata shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman daga wannan gari zuwa wancan. Neman ruwan igiya ce, ratsen kuwa su ne duwatsun da aka shirya a jikinta. A nan ne mai karatu ya san wayon Alhaji da halin mutanen da ya ratsa ta cikinsu.

Haka abin yake a wasannin da suka ƙware. A farkon The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015 bisa littattafan Andrzej Sapkowski, tauraro Geralt yakan tarar da wata tsohuwa a ƙofar bukka tana ƙorafin wani baƙo ya ari kaskon suyarta bai mayar ba. A fuska, wannan shi ne aike mafi ƙasƙanci: je ka ɗauko kasko. Da Geralt ya fasa ƙofa sai ya tarar da gawa da ƙonannun takardu, kaskon kuma an kankare shi tas, domin baƙon ɗan leƙen asiri ne, baƙin gindin kaskon ya kankare ya haɗa tawadar rubuta wasiƙunsa. Cikin 'yan mintoci mai wasa ya fahimci yadda yaƙin manyan sarakuna ya shigo har madafar talaka. Babban aike ba shi da sararin tsayawa a kan tsohuwa da kaskonta, domin shi harkar manya yake bi. Ratse ne kaɗai ke iya kai mutum can.

Hujja ta biyu ta shafi ainihin sunan wasan. Idan an ce mutum ya shiga rigar tauraro, to da me zai nuna halinsa? A kan babban aike kowa hanya ɗaya yake bi, ko 'yan hanyoyi ƙididdigaggu. A wajen abin da ba dole ba ne ake gane mai tausayi da mai kwaɗayi, wanda zai tsaya ya taimaki baƙo ba lada da wanda zai wuce. Halin mutum a rayuwa ma a nan ake gane shi. Wasan da ya cire ganin-dama gaba ɗaya ya koma majigi wanda ake danna maɓalli domin ya ci gaba.

Hujja ta uku ita ce hutu. Labarin da ya ɗaure mutum tamau sa'a arba'in ba sassauci yakan gajiyar da shi, kamar kiɗan da ba ya sauka. Wasan karta na Gwent da aka saka cikin The Witcher 3 domin shaƙatawa ya karɓu har aka fitar da shi a matsayin wasa mai zaman kansa a 2018. Bugu da ƙari, masu wasa ba ɗaya suke ba. Ma'aikacin da ke da sa'a guda bayan ya taso daga ofis yana iya bin babban aike kai tsaye, ɗalibin da ke hutun ƙarshen zango kuma ya leƙa kowane lungu, dukkansu da wasa ɗaya.

Inda Gizo Ke Saƙa

Idan aka auna hujjojin ɓangarorin biyu, za a ga ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Masu suka suna nuna naman rago goma, masu yabo suna nuna kaskon tsohuwa, dukkansu kuwa aiken ganin-dama ne. Saboda haka abin nema shi ne sanin abin da ya raba su, kuma tarihin wasannin ya nuna dabaru huɗu da suka yi aiki.

Dabara ta farko ita ce babban labari ya ba ratse dalili. A Baldur's Gate II na kamfanin BioWare na Kanada, wanda ya fito a 2000, an kama Imoen, abokiyar tafiyar tauraro, an kai ta wani kurkuku mai nisa, waɗanda za su kai shi can kuma suka nemi zinariya 20,000. Ba shi da su, dole ya shiga birnin Athkatla da kewayensa ya nemi aiki. Wane aiki zai karɓa, wannan ganin damarsa ne, amma kowanne ya karɓa yana matsar da shi kusa da Imoen. A Morrowind na 2002 ma, jami'in leƙen asirin da tauraro ke aiki a ƙarƙashinsa yakan ba shi 'yan kuɗi ya ce ya je ya shiga wata ƙungiya ya ƙware, ya kuma sami sana'ar da zai fake da ita, kafin ya komo. Da wannan umarni guda an kashe saɓanin gaggawa, tunda labarin da kansa ne ya ce a yi yawo.

Dabara ta biyu ita ce a sa lokaci ya yi tafiya da gaske. Fallout na farko, na 1997, ya ba tauraro kwana 150 ya samo wata 'yar na'ura da za ta gyara injin tace ruwan mafakar mutanensa, in wa'adin ya cika bai samo ba, wasa ya ƙare. Yana iya tsayawa ya taimaki wani ƙauye, amma kwanakin da ya kashe a can an cire su daga lissafi. A Persona 5 na kamfanin Atlus, wanda ya fito a Japan a 2016, wasan yana bin kalandar shekarar makaranta, yammacin da aka ba wani aboki kuwa an hana wa wani. Taimakon da ya ci wa mutum wani abu ya fi taimakon banza nauyi a zuciya. Sai dai wannan dabara tana da masu ƙinta, domin wasu sun shigo wasa ne su huta daga agogo.

Dabara ta uku ita ce ratse ya bar tabo a ƙarshen labari. A Mass Effect 2 na 2010, kowane abokin tafiyar tauraro yana da wata damuwa tasa ta kansa wadda mai wasa yana iya taya shi warwarewa ko ya ƙyale. A yaƙin ƙarshe, wanda aka ƙyale ya fi zama cikin haɗarin mutuwa. Daɗin daɗawa, bayan an sace ma'aikatan jirgin tauraro, idan ya tsaya yin wasu aike-aike maimakon bin sawunsu, zai tarar an hallaka wasu daga cikinsu. A nan yin ratse yana da sakamako, jinkiri ma yana da nasa. Ko Aristotil zai yarda cewa abin da aka cire aka ga giɓinsa gaɓar labari ne.

Dabara ta huɗu ita ce a ajiye ratse a inda labari ya sassauta. A Final Fantasy VI na 1994, duniya takan rushe a tsakiyar wasa, jarumai su warwatse. Mai wasa yana iya tunkarar mugun da mutum uku kacal, ko ya bi duniya ya nemo sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da labarin yadda ya rayu bayan masifar. Ba wanda ke jiran ceto cikin gaggawa, ɓarna ta riga ta auku, kuma neman 'yan'uwa shi ne ainihin jigon wannan sashe.

Akwai kuma batun yadda ake gabatar da aiken. Yawancin wasannin zamani suna jera aike-aike a wani shafi, su cika taswira da alamomi, har mai wasa ya ji kamar magatakardan da fayiloli suka taru a teburinsa. Elden Ring na kamfanin FromSoftware, na 2022, ya ƙi yin wannan jeri: mutum zai gamu da baƙo a hanya, ya ji buƙatarsa, in ya tuna ya bi, in ya manta shi ke nan. Wasu sun yaba, wasu sun koka cewa sai da taimakon intanet suke gane inda za su. Duk da haka gwajin ya nuna cewa wani kaso na gajiyar da ake ɗora wa aiken ganin-dama daga jerin yake fitowa, domin abin da aka rubuta wa mutum a lissafi yakan koma masa bashi.

Kammalawa

Amsar tambayar da aka fara da ita ita ce aiken ganin-dama yana gyara wasan shiga-riga, har ma wasan ba ya cika sunansa sai da shi, bisa sharaɗin a rubuta shi da kulawar da aka rubuta babban labari. Yana ɓarna a duk inda aka sa shi domin a ƙara sa'o'in da za a yi talla da su. Ɗalibin da ke son auna wani wasa yana iya yi wa kowane aike tambayoyin da ya saba yi wa ratse a littafi ko a waƙa. Me ya koya wa mutum game da tauraro ko duniyarsa wanda bai sani ba? Shin tauraro, a halin da yake ciki, zai tsaya ya yi shi? In an cire shi, me zai ragu? Aiken da ya kasa amsa ko ɗaya daga ciki, ciko ne.

Ga masu wasa kuma, musamman waɗanda aiki ko karatu ke jiransu, yana da kyau su riƙa tuna cewa an kira shi ganin-dama ne domin ana iya barinsa, kuma ba a bin kowa bashin share taswira. Ga matasan da ke sha'awar ƙera irin waɗannan wasanni wata rana, aike goma da aka rubuta da hankali sun fi ɗari da na'ura ta haɗa, kuma sun fi sauƙin kuɗi ga ƙaramin kamfani. Kayan aikin da sashen adabi ke koyarwa, watau jigo da zubi da tsari da salo da taurari, suna aiki a wannan fage kamar yadda suke aiki a kan littafi, kuma fage ne da ke jiran masu nazari.